KATIN BASHI: A RUFE TSOHO KAFIN A NEMI SABO?

Daga Wakilinmu na Arewa

Akwai wata tambaya da kan taso tsakanin 'yan uwanmu mazauna Kudu, musamman masu aikin albashi da 'yan kasuwar da suka saba hulɗa da banki a Ikko da Badun da Fatakwal. Mutum yana riƙe da katin bashi guda, sai ga wani banki ya zo masa da tayin wani katin wanda ya fi na hannunsa yawan kuɗi ko sauƙin sharaɗi. Daga nan sai wasiwasi ya kama shi. Shin ya fara zuwa ya rufe tsohon, don sabon bankin ya ga babu mai bin sa, ko kuwa ya bar shi a buɗe har sabon ya zo hannu?

Mutane da yawa sukan ɗauka rufewa ita ce dabara, domin a ganinsu wanda ya je neman rance hannu wanke ya fi wanda ya je da wani a wuyansa. Amma a lissafin banki abin ba haka yake tafiya ba. Ga yawancin mutane, abin da ya fi shi ne a biya bashin da ke kan tsohon katin, a bar katin a buɗe, a nemi sabon, sai ya zo hannu kana a yanke shawara a kan tsohon. Akwai kuma wasu halaye da rufewar ta fi amfani, za mu zo kansu. Wanda ya yi kuskure a nan yana iya wayar gari ba tsohon ba sabon, ko kuma a ba shi rance da tsada alhali da ya samu da sauƙi.

WANE KATI AKE NUFI?

Ya kamata mu fara rarrabewa, domin katin da ke aljihun yawancinmu ba shi ake magana ba. Katin da muke cire kuɗi da shi a na'urar ATM ko a wurin masu POS, kuɗinmu ne na ajiya yake fitarwa. In asusu ya ƙare, kati ya zama roba. Shi kuwa katin bashi, kuɗin banki ne mutum yake kashewa. Banki zai yanka maka iyaka, a ce N500,000, ka yi ta sayayya a cikinta, ƙarshen wata a aiko maka da takardar lissafi. In ka biya duka kafin ranar da aka sa, galibi ba a ɗora maka kuɗin ruwa a kan sayayyar. In ka biya wani abu ka bar saura, sai ruwa ya hau kan sauran. Abin da ka biya kuwa yana komawa cikin iyakar, kana iya sake ci. Watau rijiya ce da ake ɗiba ana mayarwa.

A Amurka aka ƙago abin. Kamfanin Diners Club ya fito da nasa a birnin New York a 1950, don biyan kuɗin abinci a gidajen cin abinci. A 1958 Bank of America ya rarraba nasa katin a garin Fresno na jihar Kalifoniya, shi ne wanda aka sake wa suna Visa a 1976. A Ingila bankin Barclays, wanda reshensa na nan ƙasar ya koma Union Bank a 1979, ya fito da Barclaycard a 1966. A waɗannan ƙasashe katin bashi ya zama ruwan dare. A Nijeriya kuwa har yanzu masu shi kaɗan ne in an kwatanta da masu katin cire kuɗi, kuma bankuna sun fi ba wanda albashinsa ke biyowa ta hannunsu, ko wanda ya ajiye musu kuɗi a matsayin jingina.

LITTAFIN DA BA KA GANI

Kafin a gane dalilin da ya sa rufe kati kan zama hasara, sai an san yadda banki yake sanin halin mutumin da bai taɓa gani ba. Wannan ba baƙon abu ba ne ga mutanenmu. Wani masani mai suna Abner Cohen, wanda ya zauna a unguwar Sabo ta Badun a farkon shekarun 1960, ya bayyana a littafinsa na 1969 yadda ake sayar wa mahautan gari shanun Arewa bashi ba tare da takarda ba. Mai gida shi ke tsaya wa baƙon da ya kawo shanu, dillalansa kuwa sun san kowane mahauci: wanda ke biya a kan lokaci, wanda ke jan ƙafa, da yawan shanun da zai iya ɗauka ba tare da ya durƙushe ba. Mahaucin da ya shekara goma yana ɗauka yana biya, ba a yi masa dogon bincike. Sabon shiga kuwa sai an gwada shi da kaɗan.

Abin da dillali yake riƙewa a ka, shi banki yake saye a rubuce daga wasu kamfanoni masu tara labarin bashin jama'a. A Amurka manyansu uku ne: Equifax da Experian da TransUnion. A Nijeriya ma uku ne Babban Banki ya ba lasisi bayan ya fitar da ƙa'idojin aikin a 2008, su ne CRC Credit Bureau da FirstCentral da CreditRegistry. Bankuna suna aika musu da labarin duk wanda suka ba rance: nawa aka ba shi, nawa ya biya, yaushe ya makara. Babban Banki ya kuma umarci bankuna su bincika aƙalla biyu daga cikin kamfanonin nan kafin su ba da lamuni. A watan Mayu na 2017 Farfesa Yemi Osinbajo, lokacin yana riƙon ƙwaryar shugabancin ƙasa, ya sa hannu a kan dokar da ta tsara wannan aiki. Dokar ta ba kowa ikon ya ga abin da aka rubuta a kansa, ya kuma nemi a gyara in akwai kuskure.

Tun da aka fito da lambar BVN a 2014, mutum ba ya iya ɓuya ta hanyar sauya banki ko sauya gari. Bashin da aka ci a Kano yana bayyana a Apapa. Bugu da ƙari, daga ranar 1 ga Agusta 2020 Babban Banki ya fara aiki da tsarin da ake kira GSI, wanda ya ba bankin da ke bin mutum bashi damar ya ɗebi abin da ya wuce wa'adi daga asusun mutumin a wasu bankuna, muddin ya sa hannu a kan yarjejeniyar lokacin karɓar rancen.

Abin lura na farko ke nan: rufe kati ba ya goge littafi. Wanda ya makara da biya sau uku bara, ko ya rufe katin yau, sabon banki zai ga makarar. A Amurka irin wannan tabo yana zama shekara 7 a takardar mutum, a Ingila shekara 6. Saboda haka mai rufe kati don ya ɓoye laifi ya yi wahalar banza.

YADDA AKE AUNA MUTUM

Daga wannan littafi ake fitar wa mutum maki. Ma'aunin da ya fi shahara shi ne na kamfanin FICO, wanda Bill Fair da Earl Isaac suka kafa a 1956, ya kuma fito da makinsa na gama-gari a 1989. Makin yana farawa daga 300 ya tsaya a 850. Kamfanin CRC na nan gida ma da irin wannan tsani na 300 zuwa 850 yake auna mutane. FICO ya bayyana yadda yake raba nauyin abubuwan da yake dubawa a Amurka. Biya a kan lokaci shi ke da kashi 35 cikin ɗari. Yawan bashin da ke kan mutum yana da kashi 30. Daɗewar hulɗa da masu ba da rance tana da kashi 15. Sababbin rance da neman su suna da kashi 10, ire-iren bashin da mutum ya taɓa riƙewa su ma kashi 10.

Ko da yake kowane banki yana da nasa ma'auni, ba kuma lalle ne na nan su bi waɗannan alkaluma daidai wa daida ba, tunanin duk ɗaya ne da na dillalin kara: yana biya? Ya ɗauki fiye da ƙarfinsa? Tun yaushe aka san shi? Rufe tsohon kati yana taɓa biyu daga cikin waɗannan tambayoyi, na biyu da na uku.

LISSAFIN RUFE KATI

A wajen auna yawan bashi, ba jimlar kuɗin kaɗai ake dubawa ba. Ana duba abin da mutum ya ci a kan abin da aka yarje masa ya ci. Ga misali don a gane.

A ce wani ma'aikaci yana da kati biyu. Na farko, tsohon, iyakarsa N600,000 ce, kuma ba a bin sa ko kwabo a kai. Na biyu iyakarsa N400,000, ya ci N200,000 a ciki. Jimlar abin da aka yarje masa Naira miliyan ɗaya ke nan, ya ci N200,000, watau kashi 20 cikin ɗari. A idon banki wannan mutum ne mai kamun kai: an buɗe masa rumbu ya ɗebi kaɗan.

To, sai ya ce bari ya rufe tsohon katin tunda ba ya amfani da shi, kafin ya je neman na uku. Yanzu abin da aka yarje masa ya koma N400,000, bashinsa kuwa yana nan N200,000. Lissafi ya tashi daga kashi 20 zuwa kashi 50. Bai ƙara cin ko sisi ba, amma a takarda ya zama mutumin da ya cinye rabin abin da aka ba shi. Masu ba da shawara kan harkar kuɗi a Amurka sukan ce kada a wuce kashi 30, kuma duk abin da ya yi ƙasa da haka ya fi kyau. Mutumin nan da hannunsa ya fitar da kansa daga sahun da ake so, ana gobe zai shiga neman rance.

Da ya bar katin a buɗe, ya nemi N100,000 ya rage bashin da ke kan na biyun, da lissafinsa ya sauko zuwa kashi 10. Ashe abin da ke gyara takardar mutum shi ne rage bashi. Rage yawan katin ba ya gyara ta, sau da yawa ma ɓata ta yake yi. Wanda ba a bin sa komai a duk katunansa, shi rufe ɗaya ba zai girgiza wannan lissafi sosai ba, domin kashi sifili ne ko an rufe ko ba a rufe ba, sai fa in ya zo ya yi babbar sayayya a wanda ya rage.

DA TSOHUWAR ZUMA AKE MAGANI

Abu na biyu shi ne shekaru. Katin da mutum ya riƙe shekara takwas yana biya ba fashi shi ne babban mashaidinsa. Ma'aunin yana duba shekarun asusun da ya fi daɗewa, da kuma matsakaicin shekarun dukkan asusun mutum. Sabon kati yana rage wannan matsakaici, tunda jariri ne ya shigo cikin manya. In aka haɗa da rufe tsohon, an ƙara jariri an kuma sallami dattijo.

A nan akwai ɗan sauƙi da ya kamata a faɗa. A Amurka katin da aka rufe lafiya ba ya ɓacewa nan take, yakan zauna a takardar mutum har shekara 10 yana ba da shaida. Saboda haka hasarar shekaru ba ta zuwa a rana ɗaya kamar ta lissafin da muka yi a sama. Amma katin da aka rufe ya daina tara sabuwar shaida. Kowane wata da tsohon kati ya yi a buɗe ana biyansa a kan lokaci, wani layi ne mai kyau ake ƙarawa a littafi, kuma wannan yana tsayawa ranar da aka rufe shi.

Wannan batu ya fi shafar 'ya'yanmu da ƙannenmu da ke karatu ko aiki a Amurka da Ingila da Kanada. Galibi mutum yana isa can ne ba shi da tarihin bashi ko kaɗan, domin na gida ba ya bin sa. Yakan fara da ƙaramin kati wanda sai ya ajiye jingina ake ba shi. Bayan shekara biyu ko uku, in manyan katuna suka fara zuwa, sai ya raina na farkon ya so ya rufe shi. Alhali kuwa a can makin nan ba banki kaɗai ke dubawa ba. Masu ba da hayar gida sukan duba, haka masu sayar da mota bashi, da masu ba da rancen sayen gida, inda ɗan bambancin kuɗin ruwa kan zama dubban daloli a cikin shekara 30. Duk mai ɗa a can ya ja masa kunne: in ƙaramin katin nan ba ya cin kuɗin shekara, ya bar shi, ya riƙa sayen ɗan abu da shi lokaci-lokaci yana biya, domin banki yakan rufe katin da aka daɗe ba a taɓa ba.

IN AKA HANA KA FA?

Akwai kuma haɗarin da ba ya buƙatar wani dogon lissafi. Tayin kati ba alkawari ba ne. Jami'in banki zai yi maka daɗin baki, amma ba shi ke yanke hukunci ba, wani sashe ne can da ba ka gani, bayan ya buɗe littafinka. Ana iya hana ka, ana iya ba ka iyakar da ba ta kai rabin ta da ba. In ka riga ka rufe tsohon, komawa ba ta da sauƙi. Yawanci sai ka sake cika takardar nema kamar baƙo, a sake bincikenka, a ba ka bisa sharuɗɗan yau, waɗanda ba lalle su kai na da sauƙi ba.

Kowane nema kuma yana barin sawu. Duk lokacin da banki ya buɗe littafin mutum saboda ya nemi rance, ana rubuta cewa an buɗe. A Amurka wannan sawu yana zama shekara 2 a takarda, FICO kuma yana lissafa shi na wata 12. Kamfanin ya ce ga yawancin mutane nema ɗaya bai kai ya rage maki biyar ba. Amma wanda ya bi bankuna huɗu ko biyar a cikin wata guda, kamanninsa na wanda ruwa ya ci ne yana neman abin kamawa, kowa kuma sai ya ja baya. Don haka a zaɓi banki ɗaya, a tambayi sharuɗɗansa tun kafin a cika takarda, a nema sau ɗaya.

INDA RUFEWA TA FI

Duk da haka ba kowa ne wannan shawara ta dace da shi ba. Akwai halaye da rufe tsohon kati, ko da kafin neman sabon ne, ya fi zama alheri.

Na farko, in sabon bankin da kansa ya ce sai an rufe. Bankunan nan gida sukan auna rance da albashi, da yawansu ba sa son abin da mutum ke biya na bashi a wata ya wuce wajen kashi ɗaya cikin uku na abin da yake kai wa gida. Wani bankin yana lissafa iyakar tsohon kati a matsayin bashin da za a iya ci gobe, ko da yau ba a ci ba. A Ingila ma masu ba da rance sukan yi irin wannan duba, musamman wajen rancen gida. Haka kuma in katin yana ɗaure da asusun albashi, mai son ya mai da albashinsa wani banki sai ya warware da na farko. A irin wannan hali a nemi sabon bankin ya ba da amincewarsa a rubuce, bisa sharaɗin za a rufe tsohon, kana a je a rufe.

Na biyu, in katin yana cin kuɗin shekara mai yawa ba tare da wani amfani ba. Biyan kuɗi kowace shekara don kawai a tsare maki ba dabara ba ce. Amma kafin a rufe, a tambayi bankin ko zai sauya shi zuwa ƙaramin kati mara tsada a kan asusu ɗaya, domin ta haka tarihin ba ya yankewa.

Na uku, katin da ake lissafinsa da dala alhali mai shi da Naira yake samu. A farkon watan Yuni na 2023 dala ɗaya tana wajen N460 a farashin gwamnati. A tsakiyar watan aka saki Naira ta nemi farashinta a kasuwa, kafin ƙarshen Fabrairu 2024 dala ta kai wajen N1,500. Wanda ake bin sa dala 1,000 a kati, bashinsa ya tashi daga N460,000 zuwa Naira miliyan ɗaya da rabi ba tare da ya sayi ko allura ba. 'Yan uwanmu masu canji sun fi kowa sanin wannan. Irin wannan kati, ga wanda ba ya samun dala, a biya shi a rabu da shi.

Na huɗu, kuma shi ya fi muhimmanci, shi ne halin mutum. In dalilin neman sabon kati shi ne tsohon ya cika, to matsalar ba ta kati ba ce. Kuɗin ruwa a ƙasar nan ba wasa ba ne. A watan Nuwamba na 2024 Babban Banki ya kai ma'aunin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari, katin bashi kuwa a ko'ina cikin duniya yana cikin rance mafi tsada. A ce ana ɗora kashi 3 cikin ɗari a wata. Bashin N200,000 zai haifi N6,000 a watan farko, in kuma aka bar shi shekara ruwa yana hawa kan ruwa, zai haifi wajen N85,000. Wanda ke biyan ɗan mafi ƙarancin abin da takardar lissafi ta nema kowane wata, yawancin kuɗinsa ruwa yake tafiya, uwar kuɗin tana nan. Mutumin da ya san in ya ga rumbu a buɗe ba ya iya kau da kai, gara makinsa ya ragu da ya riƙe rumbu biyu. Maki yana farfaɗowa cikin 'yan watanni in ana biya, bashin da ya yi kanta kuwa yakan ɗauki shekaru.

Na biyar, katin da aka ba wani ya riƙe reshensa, kamar abokin ciniki ko yaron shago, aka kuma rabu. Duk abin da aka ci da shi a wuyan mai asusun yake. Wannan ba a jira, a je a soke shi ran nan.

Sai kuma batun riba, wanda da yawa daga cikin masu karatunmu ba za su so a tsallake ba. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na birnin Riyad a shekarar 2000, ta yanke cewa bai halatta a yi hulɗa da katin bashin da aka gindaya sharaɗin kuɗin ruwa a kansa ba, ko da mai shi yana da niyyar biya kafin ruwan ya hau. Ta halatta wanda ba shi da wannan sharaɗi, ta kuma yarda a karɓi tsayayyen lada na aikin fitar da katin. Akwai bankunan da ba sa hulɗa da ruwa a ƙasar nan, kamar Jaiz da ya fara aiki a 2012, da TAJBank a 2019, da Lotus a 2021. Wanda wannan ya dame shi ya tambayi malaminsa, ya kuma je waɗannan bankuna ya ji irin abin da suke da shi. Ga wanda ya ɗauki wancan hukunci, maganar maki ba ta taso ba.

IN ZA A RUFE, GA YADDA AKE YI

Karya kati da almakashi ba rufewa ba ne. Asusun yana nan a buɗe a littafin banki, kuɗin shekara da sauran caje-caje suna ci gaba da hawa, wata rana sai mutum ya je neman rance a ce masa ana bin sa bashin da bai san da shi ba. Ƙaramin saura na Naira dubu biyu da aka manta yana iya ɓata sunan da aka shekara goma ana ginawa.

Da farko a tambayi banki cikakken abin da ake bi har zuwa ranar da za a biya, domin ruwa yana hawa kullum, abin da ke takardar watan jiya ba shi ne na yau ba. A biya duka. A tsai da duk wani biya da aka ɗora wa katin yana fita da kansa kowane wata, kamar kuɗin talabijin ko na intanet. Sannan a rubuta takardar neman rufewa, a kai reshe, a sa su buga hatimi a kan kwafinta a riƙe. A nemi takardar shaidar cewa banki ba ya bin ka komai, a adana ta tare da takardun gida. In an ajiye jingina, a tambayi ranar da za a sake ta. Bayan wata biyu ko uku a nemi takardar bayanin bashi daga ɗaya daga cikin kamfanonin nan uku, a tabbatar an rubuta cewa an rufe kuma ba saura. In an ga kuskure a fara kai kuka ga bankin a rubuce, in bai gyara ba a wuce sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin Nijeriya.

Wannan duba takarda ma ya kamata a yi shi tun kafin a je neman sabon kati, don mutum ya san abin da bankin zai gani kafin ya gani.

A taƙaice, jama'a, tsarin shi ne: a duba littafi, a rage bashi, a nemi sabon sau ɗaya, sai ya zo hannu a auna ko tsohon ya cancanci zama. In ba ya cin kuɗi kuma ba ya jan mai shi zuwa ɓarna, a bar shi. In yana yin ɗaya daga cikin biyun, a rufe shi yadda ya kamata, da takarda a hannu. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, ba kuma abin kunya ba ne ga mai biya. Mu da muke zaune nesa da gida, suna mai kyau a wurin masu ba da lamuni yana cikin jarin da muke da shi, ko a kara ne ko a banki, don haka kada a yi gaggawar rufe abin da ke ba da shaidarsa. Allah ya rufa mana asiri, ya ba mu ikon sauke nauyin da ke kanmu.